Fararen Layukan da Na Ƙi Gogewa

'Yan uwa, kafin kowa ya zage ni, ku bari in kai ƙarshe. Na san a cikinku akwai masu cewa mace mai 'ya, wadda ke dab da gama digiri na biyu, ta wuce wasan yara. Ni ma na faɗa wa kaina haka a gaban madubi ina ɗaura kallabi. Na faɗa, na gyaɗa kai, na fita na ci gaba da abin da nake yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa shafin nan nawa, sunana Tumpale, amma a unguwarmu ta Kihonda nan Morogoro Maman Sekela ake kirana. Sekela shekararta huɗu, wushiryar ubanta ta ɗauko, taurin kai kuma nawa. Ubanta Gwamaka ya rasu tana rarrafe, haɗarin mota a hanyar Iringa. Bayan an share makoki a Kyela, yayansa Ambokile, wanda nake kira Shemeji, wato ɗan'uwan miji, ya zaunar da ni a gindin ayaba bayan gida.

"Tumpale, ba za mu hana ki karatu ba. Tafi da yarinya, ki rene ta. Amma shanun sadakin da muka kora gidanku ba don ke kaɗai muka kora su ba. Ran da wani namiji ya sa ƙafa a ɗakinki, Sekela 'yar gidanmu na Mwakatobe ce, gida za ta dawo."

Bai ɗaga murya ba. Shemeji ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. A lokacin ban ga nauyin maganar ba. Wace mace ke tunanin namiji da baƙin zane a jikinta? Na ce to.

Sai ga Kaijage.

Ɗan Bukoba ne, dogo, kullum da biro biyu a aljihun riga, ɗaya ba ya rubutu amma ya ƙi jefarwa. Ɗakin kwamfuta ɗaya muke zama a jami'a. Ranar da makarantar rainon yara ba ta buɗe ba nakan zo da Sekela, ta zauna ƙarƙashin tebur tana zane. Wata rana igiyar takalminta ta tsinke, tana ta kuka, ni kuma Farfesar da ke duba aikina na jirana. Da na dawo na tarar da shi a tsugune ya fere wata tsohuwar wayar lantarki, ya zaro siririn jan zaren ciki ya ɗinke takalmin, ita kuma tana tsaye a kansa tana ba shi umarni kamar mai gida. In ya je garinsu ya dawo, sai ya ajiye mini ƙullin soyayyar fara a kan tebur, ba ko magana.

Ran da ya yi maganar so, a gindin mangwaron gaban sashenmu ne. Ban bari ya gama ba.

"Kaijage, in kana ganin girmana kada ka ƙara yi mini wannan zancen. Tsakanina da kai aiki."

"Aiki kawai?"

"Aiki kawai."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. "To. In maganar aiki ce, duk sanda kika neme ni kin same ni."

Ba a jima ba ya karɓi aiki a Kigoma, can bakin tafki, yana awon zafin ruwa. Ya riƙe alkawari fiye da yadda na so. Ko gaisuwar Ista bai turo ba. Ni da na kafa dokar, ni ce ke buɗe hotonsa na waya a cikin daladala, motar hayarmu, in ƙara girmansa har fuskar ta dagule, in rufe da sauri kamar wadda aka kama. Sekela kan tambaya, "Mama, ina Kawu mai gyaran takalmi?" In ce ya tafi inda kifi yake.

Ana haka fararen layukan suka zo.

Aikina taswirar ruwan sama ne a kan duwatsun Uluguru da kwarin da ke ƙasansu. Kowane yawan ruwa da launinsa: inda fari ya fi tsanani ruwan ɗorawa, sai kore, sai shuɗi, har zuwa shuɗi mai duhu a can saman dutse inda gajimare ke kwana. A cikin manhajar da nake zanawa komai sumul. Amma da na mayar da ita PDF don in tura wa Farfesa, sai ga wasu siraran layuka farare sun bi tsakanin kowane launi da maƙwabcinsa, kamar furfura a kan budurwa.

Farfesa ta sauke tabaranta zuwa kan hanci. "Tumpale, wannan taswirar ruwa ce ko bayan kunkuru? Wanda bai sani ba zai ɗauka koguna ne, wanda ya sani kuma zai ce ba ki da awo a wurin. Ba zan kai wannan taro ba. Je ki gyara."

Na fito raina a ɓace. Ina saukowa daga bene wani abu ya ɗarsu a zuciyata, har na tsaya na dafa bango. Wannan ai maganar aiki ce.

Na ɗauki hoton allon kwamfutar da waya. Na rubuta, na goge, na rubuta. Abin da ya tafi a ƙarshe: "Barka da aiki. Ka taɓa ganin irin waɗannan layukan?"

Ban kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo. "Barka kadai, Maman Sekela. Gwada buɗewa da wata manhajar daban, ki turo in gani."

Na karanta ta har na haddace inda waƙafi yake.

Kashegari ina zaune na zuba wa layukan ido, Mwanaidi ta leƙo ta bayana tana cin gyaɗa. Mwanaidi 'yar Tanga ce, teburinta na jikin nawa, babanta tela, bakinta kuma almakashi.

"Ke, wannan ne ya hana ki shan shayi? Matsa."

Ta ture ni da ƙugu ta zauna rabin kujerata.

"Manhajar nan yanka kowane launi take yi daban, kamar ƙyallayen babana, ta jera su baki da baki ba ɗinki. Mai buɗe fayil ɗin kuma sai ya lallaɓa gefen kowane ƙyalle don kada ya yi kaushi a ido. To ta nan farin takardar ƙasa ke leƙowa. Matso da hoton ki gani."

Na matso da shi. Dutse ya ƙara girma, rubutu ya ƙara girma, layin yana nan siririnsa. Na ƙara matsowa. Yana nan.

"Kin gani? Kogin gaske in kin matso sai ya yi faɗi. Wannan ko shiga cikinsa za ki yi da ƙafa, haka zai tsaya kamar gashi. Babu shi a awonki, ƙawalli, idon na'ura ne kawai. Ki ce mata ta bi gefen kowane ƙyalle da zare kalar jikinsa."

Ta goge gishirin gyaɗa a hijabinta, ta buga umarni layi ɗaya tak. Taswirar ta fito. Ruwan ɗorawa ya narke cikin kore, kore ya shige shuɗi, babu ko tsaga.

'Yan uwa, da murna ya kamata in yi. Sai na ji kamar an rufe mini taga.

"Lafiya? Na gyara miki aiki kin yi fuska kamar na kashe miki akuya."

Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Kafin in kai hannu ta karanta sunan. Ta dube ni, ta dubi taswira, ta sake dubana, ta kwashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe ta.

"Au! Ashe layukan suna da mai su! Yi haƙuri, bari in mayar miki da kayanki."

"Mwanaidi, Allah ki rufa mini asiri."

"Ni me na gani? Ni makauniya ce. Amma in an zo biki ni ce mai zaɓen anko."

A ranar na ajiye taswira biyu. Mai kyau, wadda zan ba Farfesa in na gama sauran aikin. Da mai layuka, ta Kigoma. Na rubuta masa: "Na gwada. Suna nan."

Haka muka shiga. Ya ce in kashe kwamfutar in kunna. Suna nan. Ya ce in sabunta manhajar. Suna nan. Ya ce in duba ko akwai tashar awo da ba ta kawo rahoto ba, na duba da gaske kuwa, duk sun kawo. Ya ce in sauya launuka daga shuɗi zuwa ja. Na sauya, Uluguru ya zama kamar an cinna masa wuta, layukan suna nan. Wata rana ya ce in ƙara yawan launukan daga goma zuwa ashirin. Na tsaya ina kallon saƙon. Ko ɗan aji ɗaya ya san in ka ƙara ƙyallaye ka ƙara bakin haɗi. Na ce a raina, bawan Allahn nan zafin Kigoma ya taɓa shi. Amma na ƙara, layukan suka ninka, na tura masa ina murmushi ni kaɗai.

Ba mu taɓa karya doka ba. Ku duba wayata, babu kalma ɗaya da ba ta aiki ba. Sai dai hotunan. Mu da ke aiki da kwamfuta mun san yadda ake ɗaukar hoton allo daga ciki, tsaf, ba sai da waya ba. Amma ni da waya nake ɗauka, kuma kullum ina ƙara ja da baya kaɗan. Yau kofin shayina ya shiga. Gobe gefen labulen da na sauya. Jibi hannun Sekela da ta shafa wa farce jan alli. Shi ma in zai nuna mini tasa taswirar ta zafin tafki, sai in ga taga a bayan allon, da ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, da jiragen masunta. Wata rana farantin kifi da tuwon masara, cokali ɗaya, kofi ɗaya. Na daɗe a kan kofin nan. Wata rana rigarsa mai ruwan toka a rataye jikin ƙofa, maɓalli na biyu ya fita. Yini na yi ina jin hannuna na neman allura.

In Sekela ta yi barcin rana, nakan zauna a bakin ƙofa ina tsince shinkafa, in ɗaga kai in ga gajimare na saukowa daga dutse, in ce yanzu can rana ba ta ko karkata ba, yana cikin kwalekwale ko yana kan tudu? Ya sa hula? Mutumin da ke mantuwa da cin abinci in yana lissafi, wa ke ce masa tashi?

Sai in dubi ɗaki, in ga ƙafar Sekela ta leƙo daga ƙarƙashin gidan sauro, in ce Tumpale, shiga taitayinki.

Ranar Laraba Mama, mahaifiyata, ta kira daga Kyela.

"Shemejinki zai kai shinkafa birnin Dar, ya ce zai biyo ya ga yarinya ranar Asabar. Ki dafa abin kirki."

"To, Mama."

"Kuma ki ji ni da kyau. Matar fasto ta ce 'yarta ta gan ki kin yi ƙiba kina sheƙi. Mace ba ta sheƙi haka kawai."

"Mama, man kwakwa ne."

"Man kwakwa. To ki gaya wa man kwakwar, shanun mutanen nan babanki ya daɗe da yi wa yayanki aure da su. Ko ƙaho babu a garke. In kika jawo magana ba mu da bakin da za mu tare miki. Ke dai ki riƙe 'yarki."

Na ce to. Na san akwai kotu, na san akwai doka, kada ku cika mini akwatin saƙo da wannan. Amma yarinyar da aka ja ta gaban alƙali da dangin ubanta, da wace fuska za ta je share kabarinsa? Wa zai zaunar da ita ya ce ga inda babanki ya koyi iyo, ga mangwaron da ya faɗo daga kai? Ba na son Sekela ta tashi da rabin dangi. Ba na kuma son ta tashi babu ni. Kullum a nan lissafina ke tsayawa.

Ranar Juma'a da safe komai ya haɗu. Farfesa na son taswira kafin azahar don a kai wa masu buga babban allon taro. Kaijage ya turo da sabuwar dabara, wai in rage girman takarda in gani. Sekela ta ƙi sa safa, ta ɓoye ɗaya a cikin tukunya. Ɗan acaba yana ta danna ƙaho a waje. Na tsaya a tsaye, jaka a kafaɗa, na tura wannan taswira can, na tura waccan can, na rufe kwamfuta muka fita.

Ina kasuwa ina cinikin ɗanyar ayaba da kwakwa Farfesa ta kira.

"Tumpale, wasa kike da ni? Wata guda kina ce mini kin gyara, ga kunkurunki nan ya dawo, har ya hayayyafa!"

Ayabar ta suɓuce daga hannuna. Mai ayaba ta ce, "'Yar'uwa, in kin fasa saye ai ba sai kin jefar ba."

Na ba Farfesa haƙuri, na ce kuskuren fayil ne, yanzu zan turo. Na kira Mwanaidi ta tura mata mai kyan daga kwamfutar ofis, tana turawa tana waƙar amarya a kunnena. Wannan mai sauƙi ne. Sannan na buɗe saƙon Kaijage. Ga ta nan, taswira sumul kamar sabon zane, kwance a ƙarƙashin maganata ta safe: "Na rage. Har yanzu suna nan." Alamar ya gani ta riga ta yi shuɗi.

Bai amsa ba. Mutumin da ko yana tsakiyar tafki yake amsawa. Na ɗauko Sekela daga makaranta, bai amsa ba. Na share ɗaki, na wanke labule, na goge hoton Gwamaka na gyara masa zama a kan kabad, bai amsa ba. Na sa wayar a aljihun zane, na ciro, na kife ta a kan tire, na ɗauka.

Da la'asar ina zaune kan abin kankare kwakwa ta yi ƙara. Ba saƙo ba, kira. Rabona da muryarsa tun gindin mangwaro.

"Maman Sekela."

"Na'am."

"Taswira ta yi kyau."

Ina jin iska da kukan tsuntsayen ruwa a bayansa.

"Zare kalar jiki kika bi gefen da shi?"

"Eh."

"Layi ɗaya."

"Layi ɗaya."

"Fayil ɗin yana nuna ranar da aka yi shi, kin sani ko? Tun farkon watan jiya ne."

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da kwakwar. Na buɗe baki in ce Mwanaidi ce, in ce mantuwa ce, in ce wani abu. Sai na ji yana dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Tumpale, ni ne fa nake koya wa 'yan aji ɗaya wannan layin. Ran da kika turo hoton farko na rubuta miki shi tsaf. Yatsana na kan turawa. Sai na ce, in na ba ta yau, gobe me za ta tambaye ni? Na goge."

Na dafe baki da hannun da ke da kwakwa.

"Shi ya sa ka ce in ƙara launuka?"

"Na ce in layukan suka yi yawa, maganar za ta yi tsawo."

"Ka sa na cinna wa Uluguru wuta."

"Ya yi kyau a ja. Kuma a hoton ne na ga kin sauya labule."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, na sa gefen zane na toshe. Sekela tana tsakar gida tana yi wa 'yar tsanarta faɗa a kan safa.

Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Yanzu aiki ya ƙare. Dabaruna ma sun ƙare, wallahi jiya har tunani nake in ce ki juya kwamfutar ta kalli gabas. Kin ce aiki kawai, na riƙe. Waɗanda nake yi wa aiki sun ce in ina so in zauna nan dindindin, mako mai zuwa suke son amsa. In kin ce in zauna, zan zauna, ba za ki ƙara jina ba sai wata taswirar ta lalace."

"Kaijage, ka san sharaɗin da ke kaina."

"Na sani. Ban ce ki zaɓa tsakanina da Sekela ba. Da za ki iya zaɓata a kanta, da ban so ki ba. Izini kawai nake nema in tura dattijo Kyela, a yi magana da rana tsaka, yadda ake yi."

"In suka ji kafin dattijon ya isa, sun ɗauke ta."

"In suka ji a bakin wani, eh."

Na kalli tulin ayabar da ke jiran gobe. "Shemeji zai zo gobe."



"Kada ka kira ni," na ce.

"To."

"Kuma ka nemi allura ka mayar da maɓallin rigarka. Kana ba ni kunya."

Ranar Asabar na sa doguwar rigar atamfa mai duhu wadda ta sauka har idon sawu, na ɗaura kallabi ba ado, ko man leɓe ban shafa ba. Na yi wa Sekela kitso biyu, na sa mata rigar coci. Kafin nan, da sassafe, na kai takardar haihuwarta da katin asibitinta gidan Mwanaidi. Ba ta yi tsokana ba wannan karon. Ta karɓa ta sa a ƙasan akwati, ta ce, "Wayata na hannu."

Shemeji ya iso da hantsi, da kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa duk da zafin, ɗan acaba na biye da buhun shinkafar Kyela wadda ƙanshinta ke riga ta shiga gida. A bakin ƙofa ya tsaya, kamar kullum, ya bi takalman da ke jere da ido. Nawa, nawa, na Sekela. Sannan ya shigo.

Sekela ta ɗora hannu a kansa, yadda yara ke gaida manya a nan. "Shikamo, Baba Babba."

"Marahaba, uwata." Sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Ya ɗaga ta sama, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya kai wajen hoton ƙanensa. 'Yan uwa, ku daina zagin mutumin nan a ƙasan rubutuna. Shi ya yi wa Gwamaka wanka na ƙarshe. Abin da ya rage masa na ɗan'uwansa ke nan, wannan wushiryar.

Na kawo ayaba da nama cikin ruwan kwakwa, da wake, da shayi mai citta. Ya ci, ya yaba, ya ba da labarin ambaliyar bana da ta cinye gonar ƙasa. Ya ga taswirata da na manna a bango, ya tashi ya dube ta da kyau, ya sa yatsa a shuɗi mai duhun.

"Nan ne ruwa ya fi?"

"Nan ne, Shemeji."

"To ai ko ni na gane. Karatun bai tafi a banza ba." Ya koma ya zauna. "Babu wata damuwa dai ko?"

Ga ƙofa a buɗe. In ce babu, ya sha shayinsa, ya kama motar Dar, in zauna da 'yata lafiya. Mako mai zuwa wani mutum ya ba da amsa a Kigoma, ya ci gaba da cin kifi da kofi ɗaya. Ni kuma in ci gaba da jiran wata taswira ta lalace.

Na sauko daga kujera na durƙusa a kan tabarma.

"Shemeji, akwai magana. Na fi so ka ji ta a bakina, a ɗakin nan, gaban hoton ƙanenka. Akwai mutumin da ke son turo dattijo wurinku. Bai taɓa sa ƙafa a nan ba, ka ga takalma da idonka. Na kore shi sau ɗaya saboda Sekela. Ba na jin zan iya korarsa sau biyu. Kuma ba zan iya rabuwa da ita ba ko na kwana ɗaya. Ban san yadda za a yi ba. Shi ya sa na kawo maka."

Ya ajiye cokali. Ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu, yatsa bayan yatsa. Ya goge da hankicinsa, ya ninke shi, ya mayar aljihu. Ina jin rediyon maƙwabta.

"Sekela."

"Na'am, Baba Babba."

"Je ki ɗauko takalmanki."

Ta ruga da murna, ta ɗauka yawo za a je. Ban san sanda na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a bakin ƙofa, hannu ɗaya a wannan gefen, ɗaya a wancan. Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannuna ta dawo, ba da na coci ba, da tsofaffin nan da suka matse ta amma ta hana a jefar. Ta ɗora masa a cinya.

Ya ɗauki ɗaya. Ya juya shi. Ya tsaya a kan igiyar, inda siririn jan zaren lantarki ya bi ya dawo, ya bi ya dawo, an lanƙwasa bakinsa ciki don kada ya soki ƙafa. Ya ja da ƙarfi. Bai motsa ba.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?"

"Shi ne."

Bai sa mata takalmin ba. Bai kuma ajiye ba. Ya riƙe shi a tafin hannu kamar mai auna nauyinsa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya dube ni a inda na tare ƙofa.

"Kira mini shi."

Na jawo Sekela jikina, na dafa kafaɗarta da hannun hagu. Da na dama na lalubo sunan. Can Kigoma, a bakin ruwa, waya ta fara ƙara.